Hiramin da Baba ya zo da shi daga Mina

Shekarar da Baba ya sauke farali, tsarabarsa ba ta daɗe a gidanmu ba. Mai sayar da yadi ne a kasuwa, kuma haifaffen Ƙofar Durbi a Katsina, don haka masu zuwa barka ba su yanke ba sai da aka ga ƙarshen dabino da zamzam da tasbaha. Har jallabiyoyin da ya sayo wa kansa ya rabar, ya bar guda ɗaya baƙa. Abin da ya hana kowa taɓawa shi ne wani hirami ja da fari, mai gida-gida kamar dara, wanda bai kai na Larabawa faɗi ba amma ya fi shi tsawo. Ba sabo ba ne. Bakinsa ɗaya ma ya fara zarewa.

Duk wanda ya tambaya sai ya sha labari. A hanyar jifan Shaiɗan ne, in ji Baba, rana ta buge shi, jiri ya ɗebe shi, ya zauna a gefen hanya har 'yan tawagarsu suka ɓace masa. Sai ga wani ɗan guntun tsoho ya tsaya a kansa, ya ciro hiramin daga jakarsa, ya jiƙa shi da ruwan gorarsa, ya naɗa masa a wuya.

"A wuya hwa, ba a kai ba," Baba yakan ce, yana ɗaga yatsa. "Don ba mu sauke ihrami ba, namiji ba ya ruhe kai. Mutumen nan ya san addini."

Tare suka zauna har Baba ya dawo hayyacinsa. Babu mai jin yaren wani, sai salati da nuni da hannu. Da za su rabu tsohon ya ƙi karɓar abinsa. Wata matashiya da ke tare da shi, wadda daga baya muka gane jikarsa ce, ita ta sa lambarta a wayar Baba, ta kuma faɗa masa sunan ƙasarsu, Kambodiya. A zaurenmu an yi gardama a kan ƙasar nan. Wani ya ce cikin Sin take, wani ya ce maƙwabciyar Indiya ce. Baba ya ce ko ina take dai akwai Musulmi a cikinta, shi ya gani da idonsa.

Tun daga nan yake naɗa hiramin a wuya, bakin biyu su sauko kan ƙirji, yadda aka naɗa masa ranar. Da shi yake zuwa Juma'a, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Abokansa na kasuwa har tsokanarsa suke yi, "Alhaji, murar ba ta sake ka ba har yau?"

Ni ce 'yar fari a gidan. Wanda ya tashi a cikin ganuwar Katsina ya san abin da wannan ke nufi a wasu gidaje har yanzu. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka, kuma a hannun yayarsa, Gwaggo, na girma a Gobarau, sai da na shiga sakandare na dawo gida. Na karanta tarihi a jami'a, ina koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi. In Baba yana son in yi masa wani abu, ba ya kallona. Sai ya ajiye wayarsa a kan tabarma ya ce wa tsakar gida, "A duba mani abin ga, an rubuto Turanci." Ta haka na zama mai amsa saƙonnin jikar tsohon. Ba su da yawa. Gaisuwar azumi, gaisuwar ƙaramar Sallah, kakana yana tambayar lafiyar Alhaji. Da Babbar Sallah ta kusa, wato shekara ta zagayo da haɗuwarsu, ta rubuto cewa kakanta yana son su ga juna ta waya ranar Sallah, in ba damuwa.

Ban taɓa ganin Baba ya yi murna da saƙo irin ta ranar ba. Ya ce a gaya musu ya yarda. Ya ce a wanke masa baƙar jallabiyarsa ta Makka a goge, da ita zai zauna, ya naɗa hiramin a wuya, don mutumin ya ga ba a wulaƙanta kyautarsa ba.

Ni kuma tunda ni ce tafinta, sai na ga bai kamata in zauna gaban mutane ban san komai game da ƙasarsu ba. Ina tsoron in yi tambayar da ba a yi, ko in yi dariya inda ba a dariya. Don haka na fara karantawa a waya lokacin hutun tara, a ɗakin malamai.

Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa ni ba masaniyar wannan tarihin ba ce. A jami'a mun fi karanta na ƙasar Hausa da na Afirka da na Turai. In an taɓa ambaton Kambodiya a aji, to ya wuce ni. Abin da zan faɗa abin da na tsinta ne daga wurare daban-daban na gwada da juna, kuma mai yiwuwa na fahimci wani abu a karkace.

A tsakiyar shekarun saba'in na ƙarnin da ya wuce, wasu 'yan gurguzu masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace mulkin ƙasar. Suka kori mutanen birane kaf zuwa ƙauyuka su yi noman shinkafa, har da marasa lafiya daga gadon asibiti. Suka soke kuɗi, suka rufe kasuwanni da makarantu, suka hana addini kowane iri. Ko girki a gida an hana, sai dai a taru a ci ɗan abin da aka bayar. Malamai da likitoci da duk wanda aka ga alamar ya yi karatu, rayuwarsa ta shiga haɗari. An ce har tabarau ya ja wa wasu mutuwa, ko da yake ban san iyakar gaskiyar wannan ba. Wata makarantar sakandare suka mayar gidan azaba, suna ɗaukar hoton kowa kafin su kashe shi. Mulkin nasu bai cika shekara huɗu ba. Alƙaluman waɗanda suka mutu ta hanyar kisa da yunwa da aikin dole sun saɓa daga wannan marubuci zuwa wancan, don haka ba zan kawo ko ɗaya ba, amma babu wanda ya yi musun cewa kaso ne babba na mutanen ƙasar.

Sai na zo kan Musulmin ƙasar, waɗanda 'yan tsiraru ne, da yawansu masunta a bakin kogi. An hana su sallah, an hana su yarensu, an tilasta musu cin naman alade, an lalata masallatai da Alƙur'anai, an kashe limamai. Wasu ƙauyukan an share su gaba ɗaya. Na ajiye wayar na yi lissafi a raina. In tsohon nan ya kai shekarun da Baba ke kwatantawa, to a lokacin saurayi ne. Da wayonsa aka yi komai.

Da a nan na tsaya, da juyayi kawai zan yi. Amma na ci gaba na buɗe hotuna. Sojojin gwamnatin nan yawancinsu matasa ne, wasu da kyar suka balaga. Baƙar riga, baƙin wando, takalman taya. A wuyan kusan kowannensu akwai ƙyalle mai gida-gida, an naɗa shi, bakin biyu sun sauko kan ƙirji. Tsofaffin hotunan ba su da launi, amma rubuce-rubucen sun ce ja da fari ne, kuma zane-zanen da waɗanda suka tsira suka yi daga baya haka suka nuna.

Da na dawo gida ranar, na tarar Inna ta yi wanki. Ga baƙar jallabiya a kan igiya, ga hiramin kusa da ita, iska tana kaɗa su tare. Na tsaya ina kallon su, hotunan nan suna dawo mini.

Na yi ƙoƙarin kwantar wa kaina da hankali. Na karanta cewa ƙyallen nan na kowa ne a ƙasar, manoma da masunta da mata duk suna amfani da shi, kuma ai tsohon da hannunsa ya bayar. Amma ƙyalle a jaka daban, ƙyalle a wuyan mutum mai baƙaƙen kaya daban. Abin da nake hangowa shi ne a ɗaga waya ranar Sallah, dattijon da wataƙila ya ga an tafi da iyayensa ya leƙo da murna, ya ga amininsa na Mina cikin shigar waɗanda suka tafi da su. Wataƙila ba zai ce komai ba. Wataƙila ya yi murmushi ya gaisa, daga nan saƙo ya ɗauke, Baba ya yi ta tambayar tsakar gida ko an rubuto, ni kuma na san dalili.

Na rubuta wa jikar tambaya na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Ta yaya za ka tambayi mutum ko kyautar kakansa irin ta makasan danginsa ce? Baba kuwa, ni da ko gaisuwa a durƙushe nake yi masa daga bakin ƙofa, ina na ga bakin ce masa kada ya sa riga? Inna ma ba ta doguwar magana da ni. Saura mutum ɗaya.

Na hau keke-napep zuwa Gobarau bayan an tashi makaranta. Na sami Gwaggo a tsakar gida tana tsince zogale.

"Lale da 'yar boko. Lahiya, kamar an koro ki?"

Muka gaisa, ta tambayi Baba da Inna da ƙannena da makaranta da zafi, na tambayi ƙafarta. Sai da aka kawo mini ruwa na sha sannan na fara, kuma na fara daga nesa, daga yadda ƙasar take da kogi.

"Ke, ki bar ni da kogi. Mi ya hwaru?"

Na ba ta labarin a taƙaice, na miƙa mata wayar. Ta riƙe ta nesa da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Waɗanga yaran hwa? Ga su ƙanana."

"Su ne suka yi kisan, Gwaggo."

"Inna lillahi. Kuma har da Musulmi aka kashe?"

"Da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Waɗanda ba Musulmin ba ma sun fi yawa, don su ne mafi yawan 'yan ƙasar."

"Rai dai rai ne," ta ce. Ta matso da wayar. "Wannan na wuyansu ai hiramin ubanki ne."

"Shi ya kawo ni. Kuma da baƙar jallabiya zai sa shi."

"To ki hwaɗa mashi mana."

"Ni, Gwaggo?"

"A'a, ni ce na yi digiri. Wai ke digirin naki na tsoro ne? Tun kina ƙarama haka kike, hwarar kura, ko kaza ta yi tari sai kin ɓuya bayana."

Na ce mata na yi tunanin in jiƙa jallabiyar da safen Sallah, in ce kuskure aka yi. Ni kaina na san ba zan iya ba, ƙarya ce kuma ranar idi, amma na faɗa.

Gwaggo ta yi dariya har da tafa hannu. "Ki jiƙa ta, shi sa ta a jiƙe. Ba ki san ƙanena ba. Bar ni da rigar, wannan aikina ne. Amma ƙyallen nan, ko uwarmu ta dawo duniya ba ta raba shi da shi. Wannan sai ya ji da kunnenshi."

Ranar jajibiri da la'asar ta iso, wai ta zo ganin rago. Ta duba haƙoransa, ta ce ya fi na bara amma bai kai na maƙwabcinta ba. Baba yana zaune a kan buzunsa a inuwa, suka gaisa. Jallabiyar tana rataye a ƙofar ɗakinsa, an goge ta tana sheƙi.

"Wannan kuma ta wane ce?"

"Tawa ce, Yaya. Gobe da ita za ni gaisa da mutumena."

"Kai da ke saida shadda? Ranar Sallah ka hito kamar buhun gawayi, mutanen wata ƙasa su ce Katsinawa ba su da sutura?"

"Yaya, da ita na yi ɗawahin ban-kwana."

"To ta yi aikinta, a bar ta ta huta. Mutumen nan cikin ihrami ya gan ka, kana kwance gehen hanya kamar an yar. Bai taɓa ganin ka cikin babbar riga ba. Ka bari shi san wanda ya taimaka mawa."

Baba ya yi dariya. Na ga maganar ta shige shi, don mutum ne mai son a san darajar yadi. Ya ce a fito masa da farar shaddarsa mai aiki. Ina bakin madafa ina jin su, na sauke ajiyar zuciya, na ɗauka an gama. Sai na ji Gwaggo ta ƙwala mini kira.

"Zo nan, ke. Zamna. Abin da kika hwaɗa mani rannan na manta, tsuhwa. Sake hwaɗa mani. Ni za ki hwaɗa mawa, ba wani ba."

Na durƙusa kusa da ita, na ba Baba gefe, na kalli ƙafafunta na fara. Kusan kowace jimla sai na ce an ce, ko kuma haka na karanta. Na faɗi korar mutane daga birane, na faɗi yunwar, na faɗi masallatan da naman aladen. Na faɗi baƙaƙen kaya da abin wuya. Na ƙara da cewa ƙyallen na kowa ne a can, kada a ɗauka ina zargin mai kyautar da wani abu. Tasbahar Baba ta tsaya.

Da na gama, Baba ya juyo wajen Gwaggo.

"Yaya," Baba ya ce, "ashe abin da yake hwaɗa mani ke nan."

Ya ce lokacin da suke zaune a Mina, shi ya nuna wa tsohon tsawon 'ya'yansa da hannu, daga babba zuwa ƙarami. Tsohon ya gyaɗa kai. Sannan ya buɗe yatsun hannuwansa, ya riƙa lanƙwashe su ɗaya bayan ɗaya har ya rage guda, ya nuna ƙirjinsa da shi.

"Na zaci cewa yake shi kaɗai ne namiji gidansu. Har na yi mashi dariya, na ce masha Allah."

Na ce wa Gwaggo ba mu da tabbas abin da yake nufi ke nan, mai yiwuwa wani abu ne daban. Baba ya girgiza kai.

"Gobe gaisuwa za mu yi mashi."

"Ranar Sallah?" in ji Gwaggo.

"Gaisuwar mutuwa ba ta tsuhwa, kuma ba ta da rana. Mutum ya gaya mani an kashe mashi dangi na yi dariya, in kuma gan shi in ce barka da Sallah kurum?"

Hankalina da ya fara kwanciya ya sake tashi. Mu a nan in ka ji rasuwa, ko bayan shekara nawa ne, ka haɗu da mai ita sai ka yi masa gaisuwa, rashin yi shi ne laifi. Amma ban san yadda suke a can ba. Na karanta cewa da yawa cikin waɗanda suka tsira ba sa son a tayar da maganar, har 'ya'yansu ba su ba labari ba. Na faɗa wa Gwaggo haka, a hankali.

"A ce mata ita dai ta hwassara," in ji Baba. "Hiramin kuma ba ni sa shi, ba ni ɓoye shi. Ina riƙe da shi a hannu, shi gani."

Washegari bayan an sauko idi an yi yanka, Baba ya wanke hannu ya sa farar babbar rigarsa, ya zauna a kan darduma a bakin zaure ta ciki, inda waya ta fi kamawa. Hiramin yana ninke a cinyarsa. Gwaggo ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna bayansa. Ni na durƙusa a gefe ina riƙe da wayar. Tun safe nake juya yadda zan ce ya haƙuri da Turanci, duk abin da na samo sai in ji bai kai ba.

Su can la'asar ta yi. Fuskar jikar ce ta fara fitowa, ta yi sallama, muka amsa. Ta juya wayar, sai ga tsohon a zaune a kan daɓen katako, da farar hula, ƙarami ƙwarai kamar yadda Baba ya ce. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar, ya ja baya, ya faɗi wani abu. Jikar ta ƙyalƙyale da dariya.

"Wai yana tambaya ko wannan shi ne mutumin da ya tsinta a hanya, ko kuwa yayansa ne mai sarauta."

Na fassara. Gwaggo ta ce, "Kun ji ko," da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Aka yi barka da Sallah. Baba ya jero gaisuwa irin tamu, gida da iyali da gajiya da damina, ina fassarawa, jikar tana fassarawa, tsohon yana amsa kowace da alhamdu lillahi. A bayansa na hango wata mata ta wuce da irin ƙyallen a kanta, nata shuɗi. Ban gama kallonta ba tsohon ya shafa wuyansa ya yi tambaya.

"Wai ina ƙyallen?" in ji jikar. "Ko ya ɓata?"

Baba ya ɗaga shi. Tsohon ya yi murmushi, ya zagaya hannu a wuyansa, alamar a naɗa. Baba ya waiwayi Gwaggo, Gwaggo ta kalle ni.

Ban san yadda na haɗa maganar ba. Na ce wa jikar, ita kaɗai nake nufi, mun karanta abin da ya faru a ƙasarsu, mun ga hotuna, mun ji tsoron kada sa shi a wuya ya tuna wa kakanta abin da ba ya so, ta yi haƙuri in na yi kuskure. Murmushinta ya ɗauke. Kafin in ce kada ta faɗa masa, ta juya ta faɗa masa.

Ya saurara kansa a ƙasa. Ni kam na gama yanke wa kaina hukunci, na ce shi ke nan na ɓata. Sai ya ɗago ya yi magana, ba da sauri ba, har da ɗan ɗaga kafaɗa.

"Ya ce gaskiya ne, sun sa shi. Ya ce ai shinkafa ma sun ci, shi kuma bai daina cin shinkafa ba. Da irin wannan ƙyallen uwarsa ta goye shi tun ba a haifi yawancinsu ba. Ya ce Alhaji ya naɗa abinsa." Sannan jikar ta ƙara da nata, murya ƙasa-ƙasa. "Baƙaƙen kaya ne ba ya iya gani. Lokacin kowa baƙi aka tilasta wa sawa. Ni ko baƙar abaya ba na shiga da ita ɗakinsa."

Da na mayar da wannan Hausa, Gwaggo ta mintsine ni a cinya har na kusa sakin wayar. Baba ya warware hiramin ya naɗa a kan farar shaddar, tsohon ya tafa hannu sau ɗaya.

Sannan Baba ya gyara zama, ya sassauta murya irin yadda ake yi a zaman makoki.

"A ce mashi mun ji abin da ya same shi. Ba mu ji da wuri ba, sai jiya. A ce mashi ya haƙuri."

Na fassara yadda na iya. Ina jin na ce muna baƙin ciki tare da shi, muna roƙa masa juriya, ban tuna daidai ba. Amma Baba bai jira ni ba. Ya ɗaga hannu ya fara da inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya shiga addu'ar da ake yi wa mamata da Larabci, kuma daga nan babu wanda ya buƙace ni ko jikar. Tsohon ya ɗaga nasa hannun. Da aka shafa, bai sauke ba. Ya faɗi wata kalma ɗaya ya tsaya.

"Sunan babansa ne," jikar ta raɗa.

"Allah shi jiƙan shi," in ji Baba.

Ya faɗi wani. Uwarsa. Ya faɗi wani, yayansa, sai matar yayan, sai ƙannensa mata, sai wani jariri da jikar ta ce ita ma yau ta fara jin sunansa. Kowane suna Baba ya maimaita shi yadda harshensa ya iya, ya yi masa addu'a, Gwaggo ta ce amin. Can na ji wata amin ɗin daga bayana. Inna ce, ta baro suyar hanta ta tsaya da tsinken juyi a hannu.

Da sunayen suka ƙare tsohon ya share fuskarsa da tafin hannu, ya yi ajiyar zuciya, ya ce wani abu da ya sa jikar ta yi dariya cikin hawaye. Wai ina ragon? An ce masa ragunan Afirka sun kai ɗan maraƙi, yana son ya gani da idonsa. Haka na tashi da wayar na zagaya bayan gida inda aka rataye shi, Baba yana biye da ni yana cewa a nuna masa ta wajen kitsen, Gwaggo tana cewa kada a nuna ƙafafun, sun cika sirara. Muna cikin haka hoton ya daskare, layin ya yanke. Bayan ɗan lokaci saƙo ya shigo: kakana ya gode, ya ce baɗi ma in da rai.

Na zauna a kan turmi, sai a sannan na ji yunwa, don tun safe ban iya sa komai a bakina ba.

Ba zan ce duk wanda ya tsira daga abin nan haka zai karɓi gaisuwar ba. Wataƙila wani da ya ajiye wayar, kuma da ba zan ga laifinsa ba. Mutum ɗaya na sani, shi ma ta cikin waya. Amma shi ya karɓa, saƙonni kuma ba su ɗauke ba.

Baba yana da al'ada, in ya dawo daga masallaci da asuba yakan zauna ya yi wa mamatansa addu'a da sunayensu, daga kakanninsa har abokan kasuwa. Ɗakina yana jikin nasa. Bayan Sallar da 'yan kwanaki na ji jerin ya ƙaru. Ina jin akwai biyu ko uku da ba haka tsohon ya faɗe su ba, amma ban tabbata ba, kuma ban gyara masa ba.